Philip Zec, Mai Zanen Da Ya Fusata Gwamnatin Ingila A Kan Kwabo Ɗaya

Idan ana ba da labarin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, sunayen da a kan ji su ne na sarakunan yaƙi da na shugabannin ƙasashe. Mutumin da za mu kawo tarihinsa yau ba ya cikin waɗannan. Mai zane ne a gidan wata jarida ta birnin Landan, sunansa Philip Zec, ana faɗinsa Zek. Amma a cikin watan Maris na 1942 wani zane nasa guda ɗaya, da 'yar magana layi ɗaya a ƙarƙashinsa, ya sa Firayim Ministan Ingila ya fusata, aka sa 'yan leƙen asiri su binciki asalinsa, Majalisar Wakilai ta zauna a kan maganar, har saura kaɗan a rufe jaridar da mutane kusan miliyan biyu ke saye kowace safiya. Abin da ya jawo wannan duka kuwa, ƙarin kwabo ɗaya ne da aka yi a kan galan na man fetur.

Ya kamata mu fara bayyana sana'ar tukuna. Jaridun Ingila sun daɗe da wata al'ada, watau kowace rana su kan ware wuri kusa da ra'ayin edita, su sa zanen hannu wanda ke magana a kan halin da ƙasa ke ciki. Mu kan kira shi zanen barkwanci, domin galibi dariya ya kan ba mutum, a zana minista da ƙaton kai, ko wani attajiri da tumbi kamar randa. Amma aikin mai irin wannan zane ya fi kusa da na maroƙi mai zambo, wanda ya kan faɗa wa babba abin da talaka ba shi da bakin faɗa. Bambancinsu shi ne, zambo da kunne a ke jinsa ya wuce, zane kuwa ya kan zauna a takarda, a yanke shi a liƙa a bango, wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ma ya fahimce shi da kallo ɗaya. Gani ya kori ji.

An haifi Philip Zec a Landan ran 25 ga watan Disamba, 1909. Ubansa tela ne, Bayahude, wanda ya gudo da iyalinsa daga ƙasar Rasha saboda zaluncin da a ke yi wa Yahudawa a zamanin sarakunan ƙasar. Sunan gidansu na asali dogo ne, aka gajarta shi ya zama Zec. Su goma sha ɗaya aka haifa a gidan, don haka ba sai an faɗa wa mai karatu cewa ba a cikin wadata ya tashi ba. Tun yana ƙarami hannunsa ya nuna, yana da shekara 13 ya ci gurbin karatu kyauta a makarantar koyon zane ta St Martin, wadda a lokacin ke cikin manyan makarantun wannan fanni a Landan. Da ya gama sai ya kama aiki a wani kamfanin tallace-tallace mai suna Arks Publicity, wanda ke yi wa masu sayar da akwatin rediyo talla. Yana da shekara 19 ya buɗe ɗakin zane na kansa, manyan kamfanonin talla suna kawo masa aiki.

Wannan aiki na talla bai kamata a raina shi ba, domin a nan ne ya koyi abin da ya ɗaukaka shi daga baya. Mai zanen talla ba shi da lokacin jan magana. Mutum yana cikin mota ko yana saurin zuwa wurin aiki zai ɗaga ido ya ga allon, in bai gane cikin ƙiftawar ido ba, kuɗin mai talla ya faɗi. Saboda haka Zec ya saba da zuba abu ɗaya tak a cikin hoto, ya share duk tarkacen da zai raba hankalin mai kallo, ya yi aiki da baƙi ƙirin da fari fat. A wannan kamfani kuma ya gamu da wani saurayi mai rubuta kalmomin talla, William Connor, suka ƙulla abota. Wannan abota ita ce ta kai shi aikin jarida, ita ce kuma, kamar yadda za mu gani, ta kusa kai shi ƙasa.

Jaridar da suka taru a cikinta ita ce Daily Mirror. An kafa ta tun 1903, amma wajen 1934 ta soma raguwa, sai wani ma'aikacinta mai zafin nama, Harry Guy Bartholomew, ya juya ta gaba ɗaya. Ya sa manyan haruffa a kanun labarai, ya cika ta da hotuna, ya gajarta jimloli, ya mai da ita jaridar leburori da masu aikin masana'anta da matan gida. Kwabo ɗaya a ke sayar da ita. Connor ya shiga ya riƙa rubuta wani fili nasa da laƙabin Cassandra, sunan wata mace cikin tatsuniyoyin Girkawa wadda ta kan faɗi masifar da ke tafe amma ba mai yarda da ita. Alƙalaminsa kaifi ne da shi, bai bar minista ba, bai bar janar ba. Shi ya kawo abokinsa, Zec ya shiga aikin jaridar cikin 1937, da yaƙi ya tashi a watan Satumba na 1939 kuwa zanen siyasa na kullum ya zama aikinsa, alhali bai taɓa yin wannan irin zane ba a da. Bartholomew ya sakar masa mara, ya zana abin da ya ga dama. Sau da yawa shi zai yi zanen, Connor ya sa maganar da za a rubuta a ƙasa.

Sunan zanen barkwanci bai dace da aikin Zec ba, domin ba safai ya kan ba da dariya ba. Sauran masu zane na zamanin, har da David Low wanda ya fi su duka suna, sun fi son nuna Hitila da mutanensa a kamannin wawaye masu kumbura, don jama'a su yi musu dariya tsoro ya ragu. Zec bai ga abin dariya a wurin ba. Ɗan gidan da aka koro daga Rasha ne, ya san abin da ƙiyayyar Yahudawa ke haifarwa in ta sami mulki. Saboda haka ya riƙa zana 'yan Nazi a siffar macizai da ungulaye, ya zana Pierre Laval, Bafaranshen da ya miƙa wuya ga Jamus, a siffar kwaɗo. Gwamnati kanta ta ci moriyar hannunsa. Cikin 1941, sa'ad da maza suka tafi fagen fama aka rasa masu aiki, shi ya zana sanannen allon nan mai kiran matan Ingila su shigo masana'antu, wanda ke nuna mace tsaye ta buɗe hannuwanta, jiragen sama suna tashi a bisa kanta. Mai karatu ya riƙe wannan, domin bayan 'yan watanni wannan mutum ne za a tuhuma da karya zuciyar jama'a.

To, don a gane zanen da ya jawo rigima, sai mu duba yadda zaman mutanen Ingila ya ke a lokacin. Ingila tsibiri ce, kuma abincin da ta ke nomawa ba ya isarta. Alkama, nama, sukari, shayi, katako, duk ta teku su ke zuwa, man fetur kuwa kusan ko ɗigo ba ta haƙowa a gida a wancan zamani. Jamus ta san haka, sai ta zuba jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa a Tekun Atlantika, suna fakon jiragen kaya suna harba musu nakiya. Don a rage ɓarna aka riƙa tara jiragen kaya su tafi tare kamar ayarin fatake, jiragen yaƙi suna yi musu rakiya. Ɗaya daga cikin wuraren da ayarin kan taru shi ne Firitawun ta ƙasar Saliyo. A gida kuma aka shiga rabon kaya da takarda. Fetur aka fara ƙayyadewa tun watan Satumba na 1939, a watan Janairu na 1940 aka sa sukari da man shanu da naman alade, tufafi suka biyo a watan Yuni na 1941, sabulu a watan Fabrairu na 1942. Takardar buga jarida ma ta yi wuya, har Daily Mirror ta koma shafi takwas.

Amma a nan akwai wani abu na halin ɗan Adam. Wanda ke tsaye a layin kanti, abin da ya ke gani shi ne layin ya yi tsawo, kaya sun yi tsada, sukarin da aka ba shi bai kai mako ba. Ba ya ganin teku. Mutanen da ke kawo kayan kuwa ba soja ba ne, ma'aikatan jiragen kasuwanci ne, ba su da kayan sarki, ba a buga musu badujala. A cikinsu akwai Turawa, akwai Indiyawa da Sinawa da Larabawan Yaman da Somalawa da mutanen Afirka ta Yamma. A farkon yaƙi, har zuwa 1941 da aka gyara dokar, ranar da jirgi ya nutse ranar a ke tsai da albashin ma'aikacinsa, ko da zai yi mako biyu yana yawo a kan ruwa cikin ƙaramin kwalekwale. Waɗanda suka fi kowa shiga haɗari su ne na jiragen dakon mai, domin in nakiya ta sami irin wannan jirgi, man ya kan malale a kan ruwa ya kama wuta, wanda ya yi tsalle don ya tsira ya faɗa cikin wutar. Kafin yaƙi ya ƙare, ma'aikatan jiragen kasuwancin Ingila fiye da 30,000 suka hallaka.

Farkon 1942 kuwa yana cikin lokatai mafi muni da Ingila ta gani. Amurka ta shiga yaƙi a watan Disamba na 1941, amma ba ta riga ta shirya tsaron gaɓarta ba, sai jiragen Jamus suka ƙetara suka yi ta nutsar da jiragen mai a bakin gaɓar Amurka da yankin Karibiyan, inda yawancin man Ingila ke fitowa. Ran 12 ga Fabrairu manyan jiragen yaƙin Jamus suka ratsa mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa da rana tsaka, ba a iya tsai da su ba. Ran 15 ga wata Singafo ta faɗa hannun Japan, sojoji wajen 80,000 suka zama fursunoni. Wannan faɗuwa har ƙasarmu ta taɓa, domin da kuzar Malaya ta kuɓuce wa Ingila sai aka juyo kan ta Jos, aka yi ta ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ma'adinai. Churchill ya sha suka a Majalisa, ya yi wa majalisar ministocinsa garambawul, zuciyarsa kuwa a kusa ta ke. A cikin wannan hali aka ba da sanarwa cewa an yarda a ƙara kwabo ɗaya a kan galan na fetur.

A kwanakin nan Zec yana cikin jerin zane-zane a kan 'yan kasuwar bayan fage da masu almubazzaranci. A ɗaya daga ciki ya nuna wani ɗan kasuwa yana ajiye furanni a kan kabarin soja, yana tunanin abin da zai sayar wa uwar mamacin. Da labarin fetur ya zo, sai ya zana teku da dare, igiyar ruwa ta tashi baƙa ƙirin, ba jirgi, ba gaɓa, ba kowa, sai mutum ɗaya tak, ma'aikacin jirgin da aka nutsar, ya kife a kan wani guntun katako ya rungume shi, ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Maganar da shi Zec ya sa a ƙasa gajeriya ce, ma'anarta fetur ya ƙara tsada yanzu. Nufinsa, tsadar ta rayuka ce, don mai mota ya tuna kafin ya ƙona galan guda a yawon banza. Connor ya duba ya ce maganar ba ta da ƙarfi. Ya ba da shawara a ɗauko kalmomin sanarwar kanta, watau a rubuta cewa an ƙara kwabo ɗaya a kan kuɗin fetur, a ƙara da kalmar da ke nuna daga hukuma maganar ta fito. Zec ya yarda. Haka zanen ya fito a makon farko na watan Maris.

Duk malamin da ya taɓa rataya hoto a gaban aji ya tambayi yara abin da suka gani, ya san hoto ɗaya ya kan haifi amsa biyu. Haka ta faru a nan. Mai karatu na farko ya duba ya ce, ashe kwabon da na ke ƙorafi a kansa ba kome ba ne, ga wanda ke biya da ransa, bari in rage ɓarna. Mai karatu na biyu ya duba ya ce, ashe wannan bawan Allah yana mutuwa ne don kamfanonin mai su ƙara riba, da yardar hukuma kuwa. Churchill da ministocinsa karatu na biyu suka yi. Ernest Bevin, Ministan Ƙwadago, wanda ke da nauyin samo mutanen da za su shiga jiragen, ya ga cewa irin wannan zane zai kashe wa jama'a gwiwa. Wane ne zai yarda ya hau jirgin mai in an nuna masa ransa riba ce ga wani? Herbert Morrison, Ministan Harkokin Cikin Gida, ya kira zanen mugun abu, ya kwatanta shi da aikin Goebbels, mai yaɗa farfagandar Hitila. A ce wa Bayahude ɗan gudun hijira aikinsa ya yi kama da na Goebbels, ba ƙaramin cin fuska ba ne.

Gaskiyar magana, zanen ƙarshen tiƙa-tiƙi ne kawai, domin gwamnati ta daɗe tana jin haushin jaridar. Tun watan Janairu na 1941 Churchill ya rubuta wa Cecil King, ɗaya daga cikin daraktocinta, yana ƙorafi a kan yadda ta ke sukar ministoci da hafsoshi. Daily Mirror kuwa ita ce jaridar da ƙananan sojoji suka fi karantawa, tana buga koke-kokensu, tana yi wa manyan hafsoshi ba'a cewa gogen maɓalli da faretin banza sun fi damunsu bisa ga dabarun yaƙi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, balle ana makonni uku da faɗuwar Singafo. Churchill ya sa hukumar leƙen asiri ta MI5 ta binciki Zec. Ba su sami kome ba illa cewa ra'ayinsa na 'yan gurguzu ne masu sassauci, irin na miliyoyin 'yan ƙasar. Aka kuma binciki littafin masu hannun jari a jaridar, ko akwai wani maƙiyi da ke ɓoye a bayanta. Nan ma ba a sami abin kamawa ba.

Makamin da gwamnati ke riƙe da shi wata dokar yaƙi ce mai lamba 2D, wadda ta ba Ministan Cikin Gida iko ya rufe jarida ba tare da zuwa kotu ba, in ya ga ta dage wajen buga abin da zai sa mutane su juya wa yaƙin baya. Ba barazanar baki ba ce, domin da wannan doka Morrison ya rufe Daily Worker, jaridar 'yan Kwaminis, a watan Janairu na 1941, kuma har lokacin tana rufe. Ran 19 ga Maris ya kira Bartholomew da editan jaridar, Cecil Thomas, ofishinsa, ya gaya musu cewa wannan ne gargaɗi na ƙarshe, in an sake za a rufe ba tare da wata sanarwa ba. Ya kuma shaida wa Thomas cewa edita marar kishin ƙasa ne kaɗai zai bari a buga irin wannan zane. A ranar ya maimaita gargaɗin a gaban Majalisa.

Ran 26 ga wata Majalisa ta yi muhawara a kan 'yancin jarida, abin kuwa bai zo wa gwamnati da sauƙi ba. Wakilai da dama waɗanda ba sa ko son Daily Mirror suka tashi suka kare ta, yawancin sauran jaridu ma haka, domin in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Aneurin Bevan, ɗan jam'iyyar Leba kamar Morrison, ya yi masa kaca-kaca. Wani wakili, Frederick Bellenger, ya ɗauko wani rubutu mai zafi da ke hana ma'aikata shiga soja ya karanta wa Majalisa, sa'an nan ya bayyana cewa Morrison ne da kansa ya rubuta shi a zamanin Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da ya ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsa. Abin da masu kare jaridar suka tsaya a kai shi ne, ana yaƙin nan ne da ƙasar da ta toshe bakin jaridunta, to, ina amfanin nasara in an koyi halinta? Gwamnati ta tsaya a kan gargaɗi, ba ta janye shi ba, amma ba ta rufe jaridar ba.

A ganinmu karatun da ministoci suka yi wa zanen ba hauka ba ne. Kalmar nan ta hukuma da Connor ya ƙara ita ta juya yatsa daga mai mota zuwa ga gwamnati, kuma mutumin da ya ƙware a zambo kamarsa da wuya a ce bai ji ɗacin da ke cikinta ba. Maganar Zec ta fari ta fi tsabta, ko da ya ke ba ta kai ta abokinsa cizo ba. Inda gwamnati ta kauce shi ne wajen magani. Zanen bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. An ƙara kwabo, mutane kuma suna nutsewa, abin da Zec ya yi kawai shi ne ya ajiye biyun a takarda ɗaya, abin da sanarwar hukuma ba ta taɓa yi. Kuma bayan wata huɗu gwamnati da kanta ta aikata abin da zanen ke kira a yi, domin daga watan Yuli na 1942 aka soke rabon fetur na masu motocin kansu ɗungum, sai wanda aikinsa ya zama dole.

Connor bai jira ba. Ya ajiye alƙalami ya shiga soja, ya yi aiki a Italiya, bai koma filinsa ba sai 1946. Zec ya zauna ya ci gaba da zanensa na kullum, jaridar kuma ta ɗan rage murya har ƙura ta lafa.

Bayan shekara uku, ran 8 ga watan Mayu, 1945, ranar da aka yi bikin ƙare yaƙi a Turai, Zec ya fitar da zanen da ya zama tagwayen na farko. Yawancin jaridu tutoci da murna suka nuna. Shi kuwa ya zana soja guda, an naɗe masa kai da hannu da bandeji, ya fito daga cikin kufai da ƙyar, yana miƙo wani kambin ganye irin wanda Turawa kan ba mai nasara, an rubuta nasara da zaman lafiya a Turai a jikinsa. Maganar da ke ƙasa ta sojan ce, yana cewa ga shi nan ya kawo, kada a sake yar da shi. Duk wanda ya kai shekara arba'in a Ingila a ran nan ya gane nufin, domin sun ga an ci nasara a 1918, an yi wa sojoji alkawarin gidaje da aiki, aka ƙare da zaman banza da yunwa, bayan shekara 21 kuma aka koma wani yaƙin. Dabarar ita ce dai ta zanen fetur, watau a ɗauko mutumin da ya biya a can nesa, a tsai da shi a gaban wanda ke gida.

Sai ga abin mamaki. Zaɓe ya matso, Morrison ne ke shirya wa jam'iyyar Leba yaƙin neman ƙuri'a, sai ya nemi Zec ya taimaka musu da zane. Zec ya tuna masa cewa shekara uku da suka wuce da Goebbels ya haɗa shi. Morrison ya amsa da cewa kowa ya kan yi kuskure, amma Zec bai sake shi ba sai da ya nemi gafara sosai. Ran 5 ga watan Yuli, safiyar zaɓe, Daily Mirror ta sake buga zanen sojan nan ya cika shafinta na farko, ta roƙi masu karatu su jefa ƙuri'a domin mutanen da suka yi yaƙin. Da aka ƙidaya, Leba ta sami kujeru 393 cikin 640, Churchill ya sauka, Clement Attlee ya hau. Ba za a ce zane ɗaya ne ya kada gwamnati ba, dalilan suna da yawa, amma masu tarihin wannan zaɓe ba safai su kan tsallake shi ba.

Bayan yaƙi Zec ya shiga cikin daraktocin kamfanin. A wannan zamani ne, cikin 1947, kamfanin Mirror ya sayi jaridar Daily Times ta Ikko, ya kuma kafa Daily Graphic a Ankara cikin 1950, ya kawo musu irin salon nan na manyan haruffa da yawan hotuna wanda Bartholomew ya ƙago. Daga 1950 zuwa 1952 Zec ya riƙe editan Sunday Pictorial, jaridar Lahadi ta kamfanin. Ya bar zanen Daily Mirror cikin 1954, wani mai zane da a ke kira Vicky ya gaje shi, a 1958 kuma ya koma jaridar Daily Herald ya yi mata zane har 1961. Ya yi shekara 25 yana cikin daraktocin Jewish Chronicle, jaridar Yahudawan Ingila. Amma dai zamanin yaƙi shi ne ganiyarsa, abin da ya zana daga baya bai yi amo kamar waɗancan biyu ba.

A ƙarshen rayuwarsa idanunsa suka tafi, ya makance. Ya rasu a asibitin Middlesex a Landan ran 14 ga watan Yuli, 1983, yana da shekara 73. Ƙanensa Donald Zec, wanda shi ma ya daɗe yana aiki a Daily Mirror, ya rubuta tarihinsa aka buga cikin 2005, ya sa wa littafin sunan maganar nan ta sojan 1945.